Mafarki da Alƙalami: Shin Abin da Aka Gani a Barci Ya Cancanci Tawada?

Saɓanin mutane a kan darajar mafarki tsoho ne ƙwarai, domin tun kafin a san allo da tawada ake samun wanda zai farka da asuba da wani abu a zuciyarsa wanda bai kwanta da shi ba, ya rasa ko ya riƙe shi a matsayin saƙo, ko kuwa ya kakkaɓe shi tare da shimfiɗa. Amma a 'yan shekarun nan tsohon saɓanin ya sake kunno kai da wata sabuwar fuska a tsakanin samari da 'yan matan da suka ɗauki rubutun waƙa da ƙagaggen labari a unguwanninmu na ƙetaren kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera da Nasarawa har Barnawa da Sabon Tasha, saboda wata shawara da ta yaɗu a cikinsu, wadda suka tsinta a littattafan koyon rubutu da kuma intanet, cewa marubuci ya ajiye takarda da biro kusa da matashin kansa, da zarar ya buɗe ido ya rubuta abin da ya gani, domin a can ne, in ji masu shawarar, taskar basirarsa take, ta nan ne kuma zai san halin zuciyarsa har ya gyara ta. Dattawa da malamai da yawa ba su yi na'am da wannan shawara ba, kuma ba ƙiyayya ga adabi ce ta hana su ba. Suna da hujjoji masu nauyi waɗanda ya wajaba mai hankali ya saurara kafin ya yanke hukunci.

Masu goyon bayan shawarar ba su rasa abin kafa hujja, kuma abin da ya fi ƙarfafa musu gwiwa shi ne ba sai sun tafi Turai aro ba. Sukan ce, ina wanda ya karanta Suratu Yusuf, ƙissar da ta fara da mafarkin yaro, ta ratsa ta mafarkin fursunoni biyu da na sarkin Masar, sa'an nan ta ƙare da tabbatar mafarkin farko bayan shekaru masu yawa, da zai ce abin da ake gani a barci wofi ne? Maƙwabtanmu Kirista na Narayi da Television da Sabon Tasha, waɗanda suke karanta labarin Yusufu da na Daniyel a Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa tun 1932, su ma ba su jayayya a kan wannan asali. Ya kuma inganta a hadisi cewa mafarki nagari yanki ɗaya ne daga cikin yanki arba'in da shida na annabci, kuma shi ne busharar da ta saura a bayan ƙasa bayan yankewar wahayi. Abin da ya fi kusa da zancenmu ma shi ne, kalmomin kiran salla da muke ji sau biyar kowace rana a mafarki aka fara jin su, lokacin da sahabi Abdullahi ɗan Zaidu ya gan su a barcinsa a Madina, ya kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka umarce shi ya koya wa Bilalu saboda Bilalu ya fi shi murya. Idan lafazi mai wannan daraja zai iya zuwa ta hanyar barci, in ji su, da wane dalili za a hana baitin waƙa ko zaren labari ya biyo wannan hanya?

Daga nan sai su kawo ƙasidar Burda ta Imam Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13, wadda ake rera ta a garuruwan Hausa lokacin Mauludi. Labarinta sananne ne a wurin almajirai: shanyewar jiki ta kama mawaƙin, ya yi yabon Annabi yana neman waraka, ya gan shi a barci ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya wayi gari lafiya lau. Sai kuma su matso gida, su ambaci Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta da kansa, a littafin da ya bayyana asalin wuridinsa, cewa sa'ad da ya cika shekara arba'in da 'yan watanni, wajen 1794 ke nan yana Degel, an nuna masa hallara gaban Manzon Allah da sahabbai da waliyyai, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Wannan gani ya ƙarfafa zuciyar mutumin da ya sauya tarihin ƙasar Hausa baki ɗaya, kuma bai ji kunyar sa shi a takarda ba.

A kan waɗannan sukan ƙara shaidar mutanen waje. Marubucin nan ɗan Sikotland, Robert Louis Stevenson, wanda a 1886 ya fitar da labarin likitan da yake da hali biyu, na kirki da rana na mugunta da dare, ya faɗa cewa daga mafarki ya samo mabuɗin labarin. Masu binciken kimiyya kuma, tun daga 1953 da Aserinsky da Kleitman suka lura a Jami'ar Chicago ta Amurka cewa akwai wani mataki na barci da idanu suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, sun tabbatar cewa wannan mataki yana zagayowa kusan kowane minti 90, yana ƙara tsawo idan asuba ta gabato, kuma wanda aka tasa a cikinsa galibi yakan ba da labarin mafarki. Ma'ana, kusan kowane mutum yana mafarki kowane dare, ko ya tuna ko bai tuna ba, kuma mafi yawansa yakan gushe cikin 'yan mintoci bayan farkawa. Mu da muke tashi sallar asuba, daidai lokacin da mafarki ya fi tsawo, mun fi kowa damar kama shi kafin ya tsere; ashe, in ji su, asara ce a bar shi ya zube.

Waɗannan hujjoji suna da kyawun ji, amma masu suka sun bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganina sun rushe fiye da rabinsu. Game da kiran salla, sun ce ba mafarkin ne ya mayar da shi shari'a ba, tabbatarwar Annabi ce. Da Abdullahi ɗan Zaidu ya gani bai kawo ba, ko ya kawo ba a tabbatar ba, da babu ladanin da zai hau ya kira. Malaman usulu sun haɗu a kan cewa ba a gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba, kuma Imam Shaɗibi, malamin Andalus wanda ya rasu a 790 bayan hijira, ya yi doguwar magana a kan haka a littafinsa Al-I'itisam, inda ya nuna cewa amfanin mafarki bushara ne ko gargaɗi, amma ba ya halatta haram, ba ya haramta halal. Game da Burda, sun ce a sake duba labarin da kyau: Busiri ya tsara ƙasidarsa ne idonsa biyu, da ilmin aruli da balaga da ya shafe shekaru yana tarawa, mafarkin kuwa daga baya ya zo, ya zama shaidar karɓuwa. Game da Shehu kuma, wanda shi ne mafi ƙarfin hujjar, amsarsu ta fi ko'ina kaifi: tsakanin wancan gani da hijira zuwa Gudu a 1804 akwai shekara goma cur, kuma sa'ad da ya zauna ya rubuta wa jama'a dalilin wajabcin hijira, a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra na 1806, da ayoyi da hadisai da maganganun malaman Malikiyya ya cika shi. Ganin ya zauna a matsayinsa na abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da ya ɗora wa mutane kuwa, sai da ya auna shi a ma'aunin da kowane malami zai iya dubawa.

Mutanen Kaduna sun san wannan gardama fiye da na ko'ina, domin a garin nan ne, tun daga shekarun 1970, aka yi ta fafatawa tsakanin almajiran Shaihu Abubakar Gumi da malaman ɗariƙu a kan matsayin mafarki da kashafi a cikin addini. Ba ni da nufin shiga wannan fage, yana da mazajensa. Na ambace shi ne kawai domin a gane dalilin da ya sa dattijo a Makera, da zarar ya ji ɗansa yana cewa mafarki ya ba shi abu kaza, sai ya ɗaure fuska. Ya ga inda irin wannan magana ta kai mutane.

Suka ta biyu ta shafi gaskiya da ƙarya. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wanda ya yi da'awar mafarkin da bai gani ba, ranar ƙiyama za a tilasta masa ya ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, ba kuwa zai iya ba. To, aikin mai ƙagaggen labari ƙari ne da ragi. Idan ya ga abu guda a barci sai ya yi masa kai da ƙafa, ya sa masa suna, ya ba shi gari. In ya saba cewa labarinsa daga mafarki ya fito, alhali kashi tara cikin goma nasa ne, ina iyakar da ke tsakanin ado da ƙirƙirar ƙarya a kan abin da aka ce yanki ne na annabci? An ruwaito cewa da aka tambayi Imam Malik ko kowa yana iya fassara mafarki, sai ya nuna cewa wannan wasa ne da annabci. Ga kuma ladabin da sunna ta koyar: mafarki mai daɗi ba a faɗa wa kowa sai masoyi, kamar yadda Annabi Yaƙubu ya hana ɗansa gaya wa 'yan'uwansa, mummuna kuwa, mutum ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya gaya wa kowa. Yaya za a daidaita wannan da shawarar da ke cewa a rubuta kome, mai daɗi da marar daɗi, a kuma buga wa duniya ta karanta?

Suka ta uku, wadda na fi jin ta daga tsofaffin malaman makaranta fiye da malaman zaure, ita ce wannan shawara ƙofar lalaci ce. Sukan ce a dubi waɗanda suka kafa harsashin ƙagaggen labari na boko a Hausa, wato waɗanda suka shiga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, Bello Kagara da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar, Muhammadu Gwarzo da Idon Matambayi. Abin mamakin da ke cikin waɗannan littattafai, na aljanu da ƙasashen da ba a taɓa zuwa ba, ya isa a ce mafarki ne, amma asalinsa karatu ne da sauraron tsofaffi. Imam ya sha daga littattafan Larabci da ya karanta, kuma sa'ad da ya zauna rubuta Magana Jari Ce, tulin littattafan labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa ne a gabansa, yana tacewa yana zubawa a tukunyar Hausa har suka zama namu. Shi kansa Stevenson da ake kafa hujja da shi, a maƙalar da ya rubuta a 1888 ya bayyana cewa ya daɗe yana neman labarin da zai ɗauki wannan ma'ana, ya yi kwana biyu yana wahalar da ƙwaƙwalwarsa, sa'an nan mafarkin ya ba shi fage biyu ko uku kawai, saura duk a farke ya yi shi. Yaron da aka gaya wa cewa basira tana ƙarƙashin matashi, in ji su, zai bar ƙamus da nahawu da littattafan magabata, ya zauna jiran dare.

Akwai kuma suka ta huɗu wadda ba ta shafi adabi ba, ta shafi zaman gida, kuma ita ce ta fi damuna. Duk wanda ya zauna cikin jama'a ya san gidajen da mafarki ya raba: mace ta ga kishiyarta tana bin ta da wuƙa, gari ya waye ta daina cin abincinta, saurayi ya ga gwaggonsa ta ba shi nama, sai a fara raɗe-raɗin maita a kan tsohuwar da ta goya shi, yarinya ta yi istihara, ta kwanta tana jiran a nuna mata fari ko baƙi, alhali malamai sun bayyana cewa mafarki ba sharaɗi ba ne a istihara, ta ƙi mutumin kirki saboda ta ga ruwa mai duhu. Ga masu duba da suke cin abinci da tsoron mutane, a masallaci da coci duka ana kuka da su. Ga littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Muhammadu ɗan Sirina, tabi'in Basra wanda ya rasu a 110 bayan hijira, ana sayar da shi a bakin kasuwa, kowa ya buɗe ya yanke wa kansa hukunci, alhali masana da yawa suna shakkar cewa shi ya rubuta shi, kuma malaman ta'abiri sun ce fassara tana sauyawa gwargwadon halin mai mafarkin. Mutanen da suke cikin wannan hali, in ji masu suka, maganinsu a rage musu kula da mafarki, ba a ƙara musu ba.

Da na auna waɗannan maganganu, sai na ga kamar ɓangarorin biyu suna kokawa ne a kan kashi ɗaya na mafarki, sun bar kashin da ya fi dacewa da marubuci a yashe. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda shi ɗan Sirina ɗin yana cikin masu ruwaito shi, ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da kuma zancen zuci, wato abin da mutum yake saƙawa a ransa da rana sai ya gan shi da dare. Masu goyon baya suna ɗauko hujjojinsu daga kashi na farko domin su ɗaukaka abin da suke rubutawa, masu suka kuma suna tsoron a raina kashi na farko ko a yaɗa na biyu. Amma mafi yawan abin da ni da kai muke gani, ya ɗan'uwa mai karatu, kashi na uku ne, wanda malaman ta'abiri ba su fassara shi, domin ba ya ɗauke da labarin gaibu ko kaɗan. Rashin wannan daraja kuwa shi ne ya 'yanta shi ga alƙalami. Ba yankin annabci ba ne, balle a ce an yi wasa da shi. Ba ya faɗin abin da zai faru gobe, balle a yaudari wani da shi. Abin da yake faɗa kawai shi ne abin da zuciya take ɗauke da shi, wanda kunya ko tsoro ko hidimar yini suka hana ta furtawa, kuma wannan shi ne ainihin abin da adabi yake nema tun fil azal.

A nan ne nake ganin mu mutanen kudancin kogi muna da abin da ya kamata mu tsaya a kansa. Wanda ya san Kakuri a zamanin da masaƙu suke aiki, tun daga Kaduna Textiles da ta fara saƙa a 1957, har United Nigerian Textiles da Arewa Textiles da suka biyo baya a shekarun 1960, ya san yadda jiniya take kaɗawa masu aikin dare su fito masu aikin safe su shiga, titi ya cika da kekuna, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe da Igala suna cin abinci a rumfa ɗaya. Masaƙar farko ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Na zauna da dattawan da suka ba wa waɗannan injuna ƙuruciyarsu, kuma fiye da ɗaya ya gaya mini cewa har yanzu yakan ji jiniya a barci, ya zabura yana neman takalmi kada ya makara, sai ya farka ya tuna babu inda za shi. Babu malamin da zai fassara wannan mafarki, domin ba ya bukatar fassara. Amma a cikinsa akwai tarihin unguwa guda, da mutuncin magidanci da ya zube, da abin da rashin aiki yake yi wa namiji, fiye da yadda rahoton kowace hukuma zai iya ɗauka.

Haka kuma rikicin Fabrairu na 2000 da na Nuwamba na 2002, waɗanda suka sa dubban iyalai suka kwashe kayansu suka ƙetare gada, Musulmi da yawa suka koma arewa, Kirista da yawa suka dawo kudu, har kogin da Allah ya yi domin a sha ya zama iyaka tsakanin maƙwabta. Da rana mutane sun koyi yin shiru a kan wannan, kuma shirun yana da dalilinsa. Amma da dare akwai matar da take komawa tsohon gidanta na can ƙetare, ta tarar da maƙwabciyarta ta dā tana shanya, su gaisa kamar babu abin da ya faru; akwai wanda yake ganin abokin wasansa na firamare wanda bai sake jin ɗuriyarsa ba. Wannan kewa, wadda ba a faɗinta a taron siyasa ko a kan mumbari, tana nan a raye a ɓangarorin biyu, kuma ina da yaƙinin cewa marubucin da zai iya fito da ita a labari, da adalci da tausayi, zai yi wa garin nan hidimar da tarurrukan sulhu da yawa ba su yi ba. Idan zancen zuci ne ƙofar da zai shiga ta kai shi can, ban ga dalilin rufe masa ita ba.

Sai dai masu suka sun yi gaskiya a kan aiki, kuma Kakuri ɗin ita ce za ta ba su shaida. Abin da mafarki yake bayarwa auduga ce kamar yadda aka tsinko ta a gonakin Funtuwa, da anguryarta da ƙurarta, ba wanda zai ɗaura ta ya fita. Sai an gurje ta, an shiɓe, an kaɗa zare, an saƙa, an rina, kafin ta zama akoko ko atamfa, kuma kowane mataki a farke ake yin sa, da ilmin da aka koya wurin waɗanda suka riga mu. Mafarkin da aka kwashe yadda yake aka zuba a takarda ba ya daɗaɗa wa kowa sai mai shi, shi ya sa sauraron mafarkin wani yake da gundura, ko da a bakin masoyi ne. Matsalar ƙarya kuwa tana warwarewa da abu mai sauƙi: marubuci kada ya ce wa jama'a ya gani a mafarki. Ya kira abinsa ƙagaggen labari, kamar yadda kakanninmu mata suke rufe tatsuniya da jingina ƙaryarta ga Gizo, domin kowa ya san matsayin abin da ya ji. Wanda ya ce ƙirƙira ce bai yi wa kowa ƙarya ba. Wanda ya ce an nuna masa, domin littafinsa ya sami kwarjini ko kasuwa, shi ne ya shiga ƙarƙashin wancan gargaɗi mai tsanani.

Game da gyaran hali, wanda shi ne rabin da'awar masu shawarar, ina karɓarsa da sharaɗi guda, wato mutum ya karanta mafarkinsa a kan kansa, kada ya karanta shi a kan wani. Matar da ta ga kishiyarta da wuƙa ba ta sami labarin kishiyar ba ko ƙwayar zarra. Abin da ta samu labarin tsoron da ke cikin ranta ne, kuma in ta yi hankali sai ta tambayi kanta daga ina tsoron ya fito, ko akwai hassada ko zargi da ya kamata ta yi wa magani. Wanda yake yawan ganin mahaifinsa da ya rasu yana fushi, kafin ya nemi mai fassara, ya duba ko akwai bashi ko wasiyya ko zumuncin da ya yi sakaci da shi. Wannan shi ne muhasaba, wato yi wa kai hisabi, wadda Imam Gazali ya ware mata babi a Ihya'u Ulumiddin, kuma ba ta bukatar a ɗauki mafarki a matsayin wahayi. Ta ishe shi ya zama shaida a kan mai shi. Na taɓa jin wata ɗaliba ta tambayi wani dattijon malami a Barnawa, ta ce, "Allah gafarta Malam, ina yawan ganin ina rubuta jarrabawa alƙalamina ya ƙi kamawa, mene ne fassararsa?" Ya ce mata, "'Yata, wannan ba na fassara ba ne, zuciyarki ce take gaya miki ba ki gama shiri ba. Je ki yi bita, ki yi addu'a, ki kwanta da alwala." Ban taɓa jin amsar da ta fi wannan haɗa ilmi da rahama ba.

Inda ba zan bi masu shawarar ba sam shi ne cewarsu a rubuta kome. Mafarkin firgita, wanda mutum yake farkawa daga gare shi yana gumi, umarnin da aka ba mu a kansa a sarari yake, kuma hikimarsa a fili take: abin da aka yi ta juyawa a zuci yana ƙara kafuwa. A yi tofi, a nemi tsari, a bar shi ya wuce. Idan kuwa ya ƙi wucewa, yana dawowa dare bayan dare da fuska ɗaya, musamman ga wanda idonsa ya ga tashin hankali, ko ya faɗa hannun masu garkuwa da mutane, ko ya tsira daga haɗarin mota, to wannan ya fita daga babin adabi da babin ta'abiri duka, ya shiga babin rashin lafiya, kuma yana da magani. Asibitin gwamnatin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa yana nan Barnawa, a wannan ɓangare namu na kogi, kuma zuwa wurin likita ba ya hana addu'a, ba kuma alamar hauka ba ne. Daga cikin hanyoyin da likitocin wannan fanni suke bi ma akwai sa majinyaci ya sake tsara mafarkin da rana, ya sauya masa ƙarshe, ya yi ta bitar sabon har tsohon ya saki. Amma wannan a ƙarƙashin kulawar masani ake yin sa, ba yaro shi kaɗai a ɗaki da tsakar dare ba.

Saboda haka, ga ƙannena da 'ya'yana masu sha'awar alƙalami a Kakuri da Makera da Sabon Tasha, hukuncina shi ne ku ajiye takardar, ba laifi, amma ku yi addu'ar tashi daga barci ku yi salla kafin ku taɓa ta, ku rubuta abin da ya shafi zukatanku da unguwanninku, ku bar na firgita, ku ɓoye na bushara sai ga masoyi. Kada ku yanke wa wani mahaluki hukunci da abin da kuka gani idonku a rufe. Sa'an nan, a kan kowane shafi ɗaya da kuka cika da mafarki, ku karanta shafi ɗari na Abubakar Imam da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, ku je ku zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙa tun suna raye, ku tambaye su abin da suka gani da rana da abin da suke gani da dare.